Alluran Dakuwa

Mahasin ba ta wuce layi. In ta ga mutane sun jeru, shiga take yi tukuna, sannan ta tambayi ta gabanta me ake rabo. Hanya ce ta koya mata haka. Daga Umdurman zuwa Halfa, daga Halfa zuwa Aswan, har Alƙahira, ta ga yadda ake yi da mai faɗin gaskiya. A Halfa wata mata ta ce an ba ta bargo jiya. Aka ce to ta koma gefe, aka hana ta har da garin alkamar da ba ta samu ba. Tun ranar Mahasin ta riƙe amsa guda. Duk wanda ya tambaye ta ko an ba ta, sai ta ce ba a ba ta ba. Ba ta ɗauki wannan a matsayin ƙarya ba. A wurinta haka ake magana a layi, kamar yadda ake sallama a ƙofar gida.

Bahaushiyar Sudan ce, haifaffiyar Mai Wurno, ta haura sittin. Yaƙi ya fitar da ita daga gidan da ta yi aure ta haihu a ciki a Umdurman. Yanzu tana unguwar Arba wa Nus a Alƙahira, a hawa na uku na wani gini da ba a yi wa yaɓe ba, tare da ɗanta Tarig da matarsa Widad. Tarig lebura ne a wurin gine-gine, fita da asuba, dawowa bayan magariba. Widad na da ciki. Ita kuwa Mahasin kisra take yi a kasko, wato shimfiɗaɗɗiyar wainar Sudan marar kauri, tana sayar wa 'yan Sudan da ɗaliban Najeriya.

A ƙarƙashin matakala ta tsinci kyanwar, 'yar mitsitsiya, idanunta a liƙe da kwantsa. Ta wanke mata su da ruwan shayi mai ɗumi. Launinta irin na dakakkiyar gyaɗa, sai ta sa mata Dakuwa. Tarig ya ce ba ya son dabba a gidansa. Mahasin ta ce ba a gidansa take ba, a ɗakinta take. Maganar ta ƙare nan.

Dakuwa ta girma a gindin kasko. Ba ta da sata, ba ta da yawan kuka. Zama take yi ta naɗe ƙafafu tana kallon hannun tsohuwar. Tarig da Widad sun fi sakin baki da Larabci, don haka duk Hausar da Mahasin ke yi tun safe har yamma, kyanwar ce ke sha. Ta ba ta labarin kogi, da gonar mahaifinta, da sunayen maƙwabtan da ba ta san inda suke ba yanzu.

Abu ɗaya ne ba ta ba ta labari ba. A watanninta na ƙarshe a Umdurman karnuka sun lalace. Abin da suke ci a titi ba na faɗa ba ne. Ɗaya ya ciji Hasan mai gyaran takalmi, magidanci mai 'ya'ya. Aka zaga asibitocin da suka rage, ba a sami allura ba. Mahasin na cikin matan da suka zauna da matarsa. Ta ji muryarsa ta bayan ƙofa. Ta ga yadda ya ƙi ruwa yana kukan ƙishi. Daga nan allura ta zama mata abin da ba a cewa ya isa.

Lokaci-lokaci mota kan zo unguwar, ta masu taimakon dabbobi. A kafa tebur a inuwa, a yi wa karnuka da kyanwoyi rigakafi kyauta. Ba ƙungiya ɗaya ba ce. Wasu samari ne masu farar riga, wasu mata ne masu baƙin gilashi da ke zuwa daga unguwannin masu hali. Ba su san juna ba, kowa da ranarsa. Mahasin ba ta taɓa rasa ko ɗaya ba. Ta sa Dakuwa a kwando ta shiga layi.

"An taɓa yi mata, ya Hajja?"

"Ba a yi ba."

Sai ta danne kan kyanwar da hannu ɗaya, ta haɗe ƙafafun gaba da ɗayan. A ɗaga fatar tsakanin kafaɗu, a soka. Su ba ta ɗan kati, ta yar a bola kafin ta kai gida, kada wata rana a gan shi a hannunta a ce ta koma gefe. In ta ji an ce suna unguwar Hadayek el-Maadi, ta hau mikrobas, ƙaramar motar haya, ta bi su can. Tana gaya wa matan ginin cewa duk Masar babu kyanwar da ta kai tata kariya.

Fiddausi ce ta fara damuwa da wani ƙullutu da ya fito wa kyanwar. 'Yar Katsina ce, tana karatun likitan dabbobi a Giza. Ranar Juma'a takan zo sayen kisra, ta zauna a tabarma ta ja tsohuwar da tsiya.

"Inna, ta yau ta fi ta makon jiya kauri. Hannu ya fara gajiya ne?"

"Bakinki ne ya fara girma. Da kika zo ƙasar nan ko sunanta ba ki iya faɗa ba."

"Ai sinasir ce da ba ta ƙoshi ba."

"To koma Katsina ki ci mai ƙoshin."

Fiddausi ta yi dariya, ta jawo Dakuwa cinyarta tana shafawa. Hannunta ya kai tsakanin kafaɗu, ya tsaya. Ta sake bi da yatsu a hankali. Dariyar ta tafi.

"Tun yaushe wannan?"

"Tun kafin azumi. Kitse ne. Ba ki ga yadda take ci ba?"

"Kitse ba ya tauri haka, Inna. Taɓa ki ji."

Mahasin ta taɓa. Kamar goro ne aka cusa ƙarƙashin fata, kuma ba ya motsi.

"An yi mata allura a wurin nan?"

"Ba a yi ba."

Maganar ta fita da kanta, kamar atishawa. Fiddausi ta ce to a kawo ta Giza malaminsu ya duba, yana da ɗan asibitin dabbobi nasa. Ta ce kada a bari mako ya zagayo.

Suka tafi tare. Mikrobas, sannan metro a taragon mata, kwandon a cinyar Mahasin ta lulluɓe shi da bakin laffayarta. Asibitin ɗaki biyu ne a ƙasan wani bene, yana warin magani da karnuka. Dakta Hussain Bamisire ne mai furfura, ba ya gaggawa. Ya latsa ƙullutun ta kowane gefe.

"An taɓa yi mata rigakafi, ya Hajja?"

"Ba a yi ba."

Ya ɗaga gira. Ya ce abin mamaki ne, don irin wannan ƙari a irin wannan wuri galibi bayan allura suke ganinsa. Ya ce ko ma mene ne sai an yanke shi, kuma za ta kwana cikin sauran dabbobi. Tunda ba a taɓa yi mata komai ba, bari a fara yi mata rigakafi yau. Ya buɗe firiji ya ɗauko 'yar kwalba.

Abin da Mahasin ta fara ji daɗi ne. Ga wata an samu, ba ma layi. Ta matsa jikin tebur, ta danne kan kyanwar da hannu ɗaya, ta haɗe ƙafafun gaba da ɗayan. Dakuwa ba ta yi gardama ba. Ta kwantar da kunnuwa, ta runtse ido, ta miƙa bayanta.

Likitan ya tsaya da sirinji a hannu. Ya dubi kyanwar, ya dubi hannun tsohuwar.

"Wa ya koya miki wannan riƙon?"

Ta kau da kai.

"Ɗalibaina sai sun shekara ba su iya shi ba. Ita ma kyanwar ta san abin da ke zuwa." Ya ajiye sirinjin. "Nan ba wurin rabo ba ne, ya Hajja. Ba abin da zan hana ki. Gaya mini."

Fiddausi na kallonta. Mahasin ta gyara laffaya. Ta fara faɗa, ba da lissafi ba, da wurare. Ta bakin masallaci. Ta kusa da mai burodi. Ta Hadayek, da wadda suka koma Hadayek. Ta masu farar riga kafin azumi, ta matan nan bayan salla. Likitan ya ɗaga hannu ya ce khalas, ya isa.

"A wata nawa?"

"Shekararta ba ta kai biyu ba."

Ya zauna a kujera. Bai yi mata faɗa ba. Da ya yi, da ta san abin da za ta mayar masa.

Ya ce, "Rigakafi ba abin gudu ba ne. Shi ya sa ba ma ganin haukan kare a gidaje. Amma sau ɗaya a shekara ya isa, wani ma sai bayan shekaru. Kowace allura tana barin ɗan rauni ƙarƙashin fata. A yawancin kyanwoyi ya warke, shi ke nan. A 'yan kaɗan sai ya rikiɗe ya zama wannan. Ba zan rantse miki cewa yawan ne ya kawo shi ba. Akwai wadda guda ɗaya ta yi wa haka. Amma duk wadda aka ƙara, an ƙara buɗe masa ƙofa. Kuma ba ta ƙara mata kariya ba."

"Ba ta ƙara ba?"

"Ko kaɗan."

Wannan maganar ce ta shige ta. Duk hawa motar nan, duk tsayuwar rana. Ta dubi Dakuwa, har yanzu tana kwance da kunnuwa a manne, tana jira.

Aka yi aikin a makon. Shi ma da allura aka fara, ta barci. Mahasin ba ta shiga ba, a benci ta zauna da carbi. Likitan ya ce ya yanke har da naman da ke kewaye, ya bi saiwar iyakar inda wuƙa za ta kai. Ya ce irin wannan ƙari yana da dawowa. In ya dawo, babu sauran abin yankewa. Abin da zai saura shi ne wata allura da ake yi a jijiya, dabba ta yi barci ba ta farka ba. Mahasin ta ce Allah ya kiyaye, ta ɗauki kwandonta.

Dakuwa ta dawo gida da baya a aske, ɗinki tun daga wuya har tsakiyar gadon baya. Tarig ya tsaya a ƙofar ɗaki da ƙurar siminti a gashinsa.

"Yumma, mutane na mutuwa a Sudan ba likita. Ke kin kai kyanwa an yi mata tiyata."

"Na san suna mutuwa. Na riga ka gani."

"Abin kunya ne a ji."

"Kunyar tawa ce. Je ka yi wanka."

Labari ya zaga ginin. Matan da ta yi wa alfahari suka riƙa leƙowa suna kama baki. Wata ta ce dama ita ba ta yarda da abin kyauta ba. Widad, da cikinta ya tsufa, ta ce wallahi in ta sauka ba mai soka wa ɗanta ƙarfe, ga abin da allura ta yi nan kowa na gani.

Mahasin na juya kisra. Ba ta ɗago ba.

"Za a yi masa. Duk wadda likita ya ce, ranar da ya ce, ni zan goya shi in kai."

"Hajja, ke da bakinki kika ce..."

"Ban ce allura ta yi ba. Ni na yi. In kin ƙara faɗin haka a gaban matan nan, ni da ke ne."

Widad ba ta saba jin wannan murya ba.

Ɗinki ya warke. Gashi ya fara tsirowa, gajere, mai duhu. Dakuwa ta koma gindin kasko. Widad ta haifi 'ya mace, aka sa mata Aya, aka yi suna da abin da ya sawwaƙa. Mahasin ta fara tunanin ko an tsira.

Da sanyi ya shigo, ƙullutun ya dawo a gefen tabon. Wannan karon bai yi jira ba. Daga goro ya zama ƙwai, daga ƙwai ya zama lemo. Fatar ta miƙe tana ƙyalli, sannan ta fashe. Ruwa ya riƙa fita, da wari. Kyanwar ta daina wanke jikinta, don wuya ba ya juyawa.

Tarig ya ce akwai jaririya a gidan. Ko a kai ta wurin likitan ya ƙarasa, ko shi ya fitar da ita titi. Ya faɗa a hankali, ba da tsawa ba. Ya san yana da gaskiya a kan warin.

"Ba titi, ba likita," in ji Mahasin. "Hannun nan ba zai sake riƙe ta a soka mata ƙarfe ba."

Ta kwashe ta ta kai saman bene. Can akwai tankunan ruwa da igiyoyin shanya da tarkacen da masu haya suka bari. Ta sami lungu da iska ba ta bugawa, ta shimfiɗa kwali da tsohon bargo. Kullum sai ta hau, gwiwoyinta na ƙara. Ta wanke gyambon da ruwan gishiri. Ta tauna nama ta ba ta a yatsa. Da farko tana lasa, daga baya ta kau da kai. Kisra ta ragu, masu saye suka fara zuwa su koma hannu wofi.

Dakuwa ba ta iya kwanciya. In ta kwanta ta gefe, ƙarin ya ja. In ta kifa ciki, numfashi ya ƙi. Sai ta tsuguna ta sunkuyar da kai, tana wani sauti ƙasa-ƙasa da ba kuka ba.

Wata Juma'a da hantsi Fiddausi ta hau ta same ta. Ba tsiya a bakinta ranar. Ta tsuguna ta duba, ba ta taɓa ba.

"Inna, tana shan wuya."

"Ina gani."

"Ba za ta tashi ba. Kin ji abin da Dakta ya ce."

"Rai na Allah ne. Shi zai karɓa."

"Nasa ne. Na tambayi yayana Sada, kin san shi a Azhar yake. Ya tambayi malamansu. Ya ce dabbar da babu maganin ciwonta kuma tana azabtuwa, akwai malaman da suka sauƙaƙa a hutar da ita."

"Ni na aike shi?"

"A'a."

"To."

Fiddausi ta zauna kaɗan, ta ce ma'alish, wato a yi haƙuri, ta sauka. Mahasin ta ɗauko kwanon ruwan gishiri da tsumma. Ta miƙa hannu.

Kyanwar ta ja baya. Ba ta taɓa yi ba. Ta miƙe da ƙyar, ta ja jiki tana tangaɗi, ta shige bayan babban tanki, wurin da ke tsakaninsa da bango bai wuce faɗin tafin hannu biyu ba. Mahasin ta kira ta. Ta yi mata irin sautin da take yi in ta yanko nama. Ta durƙusa, sannan ta kwanta rub da ciki a kan simintin mai sanyi, ta zura hannu har kafaɗa. Yatsunta suka taɓa gashi. Dakuwa ta ƙara matsawa ciki.

Ta daɗe a kwance a haka, kumatunta a ƙasa. A cikin duhun tana ganin idanu biyu, tana jin numfashin. Hannun nan Dakuwa take gudu. Duk wankin nan da take yi safe da yamma, kyanwar ba ta san shi da jinya ba, zafi kawai take ji. Mahasin ta tambayi kanta wa take tausaya wa da ta ce ba likita. Ta juya tambayar ta kowane gefe, amsar ba ta canza ba. Hannunta take karewa. Ba ta so a ce shi ne ya riƙe na ƙarshe. Don ta tsira da wannan, ta bar dabbar Allah tana tsugune ba barci tun shigowar sanyi.

Ta tashi da dafa tanki. Ta leƙa ta matakala ta kira ɗanta. Yana gida, bai riga ya fita masallaci ba.

Tarig ya hau da jallabiya. Ya ga ƙura a gaban laffayar uwarsa da fuskarta, bai tambaya ba. Ya dubi lungun. Ya tuɓe jallabiyar ya rataye a igiya, ya sa kafaɗa ya tura tankin kaɗan-kaɗan, ruwa na kaɗawa a ciki. Ya zura hannu da bargo ya fito da ita. Ya riƙe ta da kyau, ƙarin bai taɓa komai ba.

"Ina za mu?"

"Giza."

"Yau Juma'a, Yumma."

"Fiddausi ba ta yi nisa ba. Sai ta kira mana likitan."

Likitan ya ce su zo bayan an sauko. Tarig ya yi salla a masallacin unguwa ya dawo. Ba su hau metro ba saboda warin. Ya tsayar da tasi, ya zauna baya da uwarsa, ya sauke gilashi duk da sanyi. Haka suka haye kogi.

Dakta Hussain ya buɗe musu da kansa, babu kowa a asibitin sai Fiddausi. Ya ɗaga bargon ya duba, ya mayar. Bai ce ai na gaya miki ba. Ya ce a ƙafar gaba zai yi, a jijiya, ba zai taɓa bayan ba. Ya ce za ta yi barci tukuna, ba za ta ji sauran ba.

"Ki jira a waje, ya Hajja. Fiddausi za ta riƙe."

"Ko ni," in ji Tarig.

"Ku matsa."

Ba ta danne ta ba. Ta zauna a kujera, ta ɗora ta a cinya, ta tallafi haɓarta da tafin hannu. Ta yi bisimilla. Ta fara yi mata magana da Hausa ƙasa-ƙasa, maganar da ba ta da kai, ta kasko da nama da ranar da za a yi zafi. Likitan ya aske ɗan wuri a ƙafar. Dakuwa ta ɗan zabura, sannan nauyin kanta ya sauka a tafin hannun. Jikin da ya yi makonni a ɗaure ya saki. Ta kwanta ta gefe, yadda ta daɗe ba ta iya ba.

Likitan ya sa abin sauraro a ƙirjinta. Ya daɗe. Ya cire, ya gyaɗa kai.

Fiddausi ta juya tana kallon bango. Mahasin ba ta yi kuka ba. Ta nemi farin ƙyalle, aka ba ta wani tsohon zanen tebur mai tsabta. Ta naɗe ta da kanta, ta ɗaure bakin. Tarig ya miƙo kwando, ta ce a bar wa asibitin. Ya ce akwai fili bayan wurin aikinsu inda yashi ke da laushi, zai ari shebur. Ta ce tamam, ya yi.

Suka fito titi. Babu tasi, sai mikrobas da ta tsaya cike da maza masu komawa gida. Mahasin ta matso da ƙunshin a ƙirjinta, ta rungume shi da hannu biyu. Hayaniyar motar ta mutu. Direba ya kashe rediyo. Wani magidanci da ke kujerar gaba ya sauko da sauri, ya riƙe mata ƙofa, ya sunkuyar da kai.

"Allah ya jiƙansa, ya Hajja. Allah ya sa mai ceto ne."

Na baya suka amsa da amin. Wani ya ce kada a karɓi kuɗin motarsu.

Mahasin ta tsaya da ƙafa ɗaya a kan matakin motar. Ta dubi mutumin.

"Kyanwa ce, ɗana. Koma kujerarka."

Ya dubi ƙunshin, ya dubi fuskarta. Wani a baya ya fara dariya, ya ga ba wanda ya taya shi, ya haɗiye.

"Ma'alish, ya Hajja," in ji mutumin. "Hau dai."

Ta hau. Ya rufe mata ƙofar a hankali, ya zagaya ya matsu a baya tare da Tarig.